WANDA YA SANI BAI FAƊA BA: AMANAR MARA LAFIYA BAYAN AN FITO DA SHI DAGA TIYATA



'Yan uwa masu bibiyar wannan shafi, yau tambaya ce nake so mu yi tunani a kanta tare. Mutumin da bai yi ƙarya ba, bai cuci kowa da hannunsa ba, amma ya san wata magana da ran wani ya rataya a kanta, sai ya tashi daga aiki ya tafi gida bai faɗe ta ba, ko ya faɗe ta sama-sama yana tafiya yana waiwaye, shin hannunsa ya fita? In abin ya ɓaci, yana da kaso a ciki, ko kuwa sai mu ce ƙaddara ce, a yi addu'a a watse?

Na zaɓi in kafa wannan tambaya a asibiti, daidai lokacin da aka gama yi wa mutum aiki ana turo shi daga ɗakin tiyata, domin da wuya a sami wurin da shiru yake da tsada kamar nan.

Mu da muke zaune a kan benci a waje, da zarar an buɗe ƙofa an ce "an yi aiki lafiya", sai mu yi hamdala, a buga waya gida a yi albishir. A wurinmu haɗari ya wuce kenan. Masu aikin kuwa sun san ba haka abin yake ba. A shekarar 2018 mujallar likitanci ta Lancet ta buga wani babban bincike da aka yi a asibitoci 247 na ƙasashen Afirka 25, har da Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru. An bi diddigin mutum sama da 11,000 da aka yi wa aiki. Mutum 239 suka rasu. Daga cikinsu 225 ba a ranar aikin suka rasu ba, sai a kwanakin da suka biyo baya. Wato kashi 94 cikin 100 na waɗanda aka rasa sun fito daga ƙarƙashin wuƙa da ransu, a kan gadon jinya suka cika. Kun ga kenan inda muke sakin jiki, nan ne ya kamata a ƙara buɗe ido.

HANNU NAWA YAKE BI?

Ku lissafa tare da ni. A cikin tiyata akwai likitan fiɗa, da likitan da ya sa shi barci, da nas ɗin da ke miƙa kayan aiki. Su ne suka ga komai. Daga nan a kai shi ɗakin farfaɗowa, wasu su karɓa. Daga nan a tura shi ɗakin kwanciya, wasu kuma su karɓa. Masu aikin safe su miƙa wa na yamma, na yamma su miƙa wa masu kwana. Kafin gari ya waye mutum ɗaya ya bi ta hannu huɗu ko biyar. Shi kuma yana kwance, allura ba ta gama sakinsa ba, bai san me aka yi masa ba balle ya ba da labari.

Gadon kam ana turo shi da mutumin a kai, kowa yana gani. Abin da ido ba ya gani shi ne bayanin da ya kamata ya biyo gadon: wane aiki aka yi, jini nawa ya zuba, leda nawa aka ƙara masa, wace allurar kashe zafi aka yi masa da ƙarfe nawa, wane magani ne jikinsa ba ya karɓa, an sha wahala wajen sa masa bututun numfashi ko ba a sha ba, an bar roba ko ƙyallen tsane jini a cikin rauni da gangan wanda sai an cire gobe, yaushe zai fara shan ruwa, wace alama ce in an gani a nemi likita nan take, kuma wane likitan za a nema.

Mu ɗauki misali don abin ya fito fili. Mace ce aka yi wa aiki aka ciro jariri. A tiyata mahaifa ta ƙi tsukewa da wuri, jini ya zuba fiye da ƙima, aka yi ƙoƙari ya tsaya. Likita ya san wannan mata tana buƙatar a riƙa duba ta akai-akai. Amma ana kiransa ga wata, sai ya ce wa nas, "Ga ta nan, komai lafiya," ya juya. Bai yi ƙarya ba, a wannan mintin lafiyar take. Nas ɗin kwana tana da gadaje da yawa, ta lissafa ta cikin waɗanda babu damuwa a kansu. Can cikin dare bugun zuciyarta ya fara sauri, wanda sau da yawa shi yake riga awon jini sauka idan jini yana zuba. Da an faɗa mata abin da ya faru a tiyata, da ta san ma'anar wannan saurin tun farko. Ko kuma a yi wa mutum allurar kashe zafi mai ƙarfi a tiyata, ba a rubuta ba, ba a faɗa ba, ya iso ɗaki yana nishi a ƙara masa wata, numfashinsa ya yi ƙasa. A misalan nan biyu babu mugu ko ɗaya. Jimla ɗaya ce ta faɗi a tsakanin ƙofa da ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

BARI MA AIKI NE

Da yawanmu mun ɗauka laifi shi ne abin da hannu ya aikata kawai. "Ni ban yi komai ba," ita ce garkuwarmu. To malaman fiƙihu sun daɗe da tattauna wannan, musamman a mazhabar Malikiyya da aka fi karantawa a ƙasarmu. Shehu Khalil ɗan Ishaƙ, a cikin Mukhtasar ɗinsa da ake karantawa a zaurukanmu, ya lissafa wuraren da mutum yake ɗaukar lamuni saboda abin da ya bari, ba saboda abin da ya yi ba. A ciki akwai wanda yake da ikon kuɓutar da rai ko dukiya ya ƙi, da wanda ya ɓoye shaidar da ya sani ko ya riƙe takardar shaida har haƙƙin wani ya salwanta, har ma da wanda yake da zaren da za a ɗinke raunin da ya huda ciki ya hana.

Ku dubi wannan na ƙarshen da kyau. Zare fa! Idan hana zare yana iya zama alhaki a wuyan mutum, ina ga hana maganar da wanda ya karɓi mara lafiya ba shi da hanyar saninta sai daga bakinka? Ba ina yanke hukuncin diyya a kan wani ma'aikaci ba ne, wannan aikin alƙali ne da masana bayan bincike. Abin da nake fitarwa shi ne asalin: ilimin da ke kanka game da jikin wani ajiya ce. Mai ajiya kuma ba a tuhumarsa idan kaya suka lalace ba da sakacinsa ba, amma ana tuhumarsa idan ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci.

Sai tambaya ta biyu: yaushe ajiyar take sauka daga wuyanka? A fahimtata ba lokacin da agogo ya nuna ka tashi ba ne, ba kuma lokacin da kalma ta fita daga bakinka ba. Sai ta shiga kunnen wanda zai karɓa, ya gane ta, ya san abin da zai yi da ita. Wanda aka ba saƙon kuɗi ya je ya jefa su ta kan katanga ya tafi, ai ba za a ce ya isar da saƙo ba ko da gidan ne daidai.

KIRKI KAƊAI BA YA ISA

Akwai darasi a wurin malaman hadisi da nake ganin ya dace da wannan wuri ƙwarai. Ba su yarda da riwayar mutum don kawai salihi ne ba. Sun sa sharaɗi biyu: ya zama adali, kuma ya zama mai kiyaye abin da ya ji daidai, ko dai a ƙirjinsa ko a littafinsa. Mutane nawa ne masu ibada da tsoron Allah aka ajiye riwayarsu saboda raunin hadda? Ba a ce maƙaryata ba ne. An dai gane cewa kyakkyawar niyya ba ta hana mantuwa. Kuma daga cikin hanyoyin karɓar ilimi da suka amince da su akwai ɗalibi ya karanta wa malami, malami yana saurare yana gyara. Mu ma a makarantar allo haka muka taso: malam ya biya maka, kai ma ka biya ya ji, sannan ya sallame ka.

Abin sha'awa, da masana lafiya suka zauna neman maganin wannan matsala, inda suka sauka bai yi nisa da nan ba: a rubuta, a faɗa baki da baki bisa tsari, wanda ya karɓa kuma ya maimaita.

A birnin Landan akwai asibitin yara mai suna Great Ormond Street, inda ake yi wa jarirai aikin zuciya. Likitoci biyu, Martin Elliott da Allan Goldman, sun lura cewa ɗan lokacin da ake ɗauko yaro daga tiyata zuwa sashen kulawa ta musamman cike yake da haɗari: wayoyi da robobi sun sarƙe, kowa yana magana lokaci ɗaya. Suna kallon tseren motoci na Formula 1 a talabijin sai suka ga yadda mota take tsayawa, mutum wajen 20 su rufe ta, su canja tayoyi cikin 'yan daƙiƙoƙi, ba mai karo da wani. Ba su ce mu likitoci ne, me makanikai za su koya mana ba. Suka tafi har Italiya wurin ma'aikatan Ferrari suka nemi shawara. Tsarin da suka dawo da shi mai sauƙi ne: mutum ɗaya ne jagora, kowa ya san aikinsa da inda zai tsaya, a fara haɗa na'urori a natse, sai an tabbatar yaro ya daidaita sannan a yi bayani, mutum ɗaya yana magana saura suna saurare, a ƙarshe a tattauna abin da ake tsoro da abin da za a yi. Sakamakon da aka buga a 2007 ya nuna kurakuran aiki sun sauko daga wajen 5 zuwa wajen 3 a kowace miƙawa, bayanan da ake mantawa kuma daga wajen 2 zuwa wajen 1. Kuma lokacin miƙawar bai ƙaru ba.

A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da takardar tantancewa mai abubuwa 19 da ake karantawa a fili a tiyata a gaɓa uku: kafin a sa barci, kafin a fara yanka, da kafin a fitar da mara lafiya. A gaɓar ƙarshe ake tabbatar da an ƙirga kayan aiki da allurai da ƙyallayen tsane jini sun cika, sannan likitan fiɗa da likitan barci da nas su faɗi abin da ya fi damunsu game da farfaɗowarsa. An gwada ta a asibitoci 8 a ƙasashe 8, ciki har da garin Ifakara na Tanzaniya, ƙarƙashin jagorancin likita Atul Gawande. Mace-mace suka sauko daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin 100, matsalolin bayan aiki daga kashi 11 zuwa 7. Haka kuma a 2014 aka buga sakamakon wani tsarin miƙa aiki mai suna I-PASS, da aka gwada a asibitocin yara 9 a Amurka da Kanada, wanda matakinsa na ƙarshe shi ne mai karɓa ya maimaita abin da ya fahimta. Kurakurai suka ragu da kashi 23 cikin 100, cutarwar da ake iya kauce mata ta ragu da kashi 30.

Ba sabon magani aka ƙirƙiro ba, ba sabuwar na'ura aka sayo ba. Magana aka gyara.

ME YAKE ƊAURE MANA BAKI?

Na farko girman kai. Babba yana ganin tsayawa ya yi wa na ƙasa da shi bayani zubar da girma ne, takarda kuma ta 'yan koyo ce. Alhali wanda ya fi kowa ƙwarewa ma yana gajiya, yana mantuwa.

Na biyu kunyar da ba a wurinta take ba. Mun taso da tarbiyyar kada ka katse babba, kada ka yawaita tambaya, kuma tarbiyya ce mai kyau a zaure. Amma nas ko ƙaramin likita da bai gane umarni ba, ya ce "to ranka ya daɗe" don kada a ce bai iya ba, wannan ba kunyar da addini ya yaba ba ce, tsoron mutane ne. Ladabi yana cikin yadda ka yi tambayar, ba a cikin barinta ba. "Ranka ya daɗe, a gafarce ni, ƙarfe nawa aka yi masa allurar ƙarshe?" Wace rashin kunya ce a nan? Shi kuma babban da yake tsawa idan an tambaye shi, ya sani yana koya wa na ƙasa da shi yin shiru ne, kuma ranar da shirun ya ci rai yana da kaso.

Na uku ɓoye abin da bai tafi daidai ba. An sami tangarɗa a tiyata, an gyara, sai a ga ba sai an faɗa ba don kada a yi surutu. To wanda zai kwana da mara lafiyan fa? An bar shi yana gadin gida ba a gaya masa wace taga ce ba ta rufuwa ba.

Na san wani ma'aikacin lafiya zai karanta wannan ya ce, "Malam, kana magana ne daga waje. Nas ɗaya ce a ɗaki guda, likita ya kwana biyu bai runtsa ba, ina lokacin dogon bayani?" Wannan magana gaskiya ce, ba kuma zan raina ta ba. Binciken nan na 2018 ya sami cewa ƙwararrun likitocin fiɗa da na haihuwa da na barci, in an haɗa su duka, ba su kai 1 ga mutum 100,000 ba a wuraren da aka duba, alhali abin da masana suka ce a nema shi ne 20. Alhakin wannan yana wuyan masu mulki da masu riƙe da asibitoci, kuma za a tambaye su. Ba a ɗora wa rai abin da ba zai iya ba. Amma a duba ta ɗaya gefen: inda ma'aikata suka yi ƙaranci, nan ne bayani ya fi tsada. Nas ɗin da ba za ta iya tsayawa a kan kowa ba, dole ta san su wane ne biyu ko ukun da ba za ta kawar da ido daga kansu ba. Ba kuma dogon jawabi ake nema ba, dambu in ya yi yawa ba ya jin mai. Ga halin da yake ciki, ga abin da aka yi, ga abin da nake tsoro, ga abin da za ki yi in kin ga kaza. Minti biyu ya isa.

TO ƘADDARA FA?

Mun yi imani babu ran da zai wuce ajalinsa. Wannan yana sanyaya zuciyar wanda aka yi wa rashi, kuma gaskiya ne. Amma ƙaddara ta'aziyya ce ga wanda musiba ta samu, ba hujja ba ce ga wanda ya yi sakaci. Lokacin da Sayyidina Umar (RA) ya nufi Sham ya sami labarin annoba, ya yi shawara da sahabbai ya juya da jama'a. Da aka yi masa maganar ƙaddara, sai ya nuna cewa komawar ma tana cikin ƙaddarar Allah, kamar makiyayin da ya zaɓi gefen kwari mai ciyawa ya bar busasshe. Wanda ya yi bayani ya cika, ya rubuta, ya tabbatar an gane, sannan mara lafiya ya rasu, wannan ya kwanta da zuciya ɗaya. Wanda bai yi ba, kada ya ari kalmar ƙaddara ya rufe bakin masu tambaya.

MU MA MUNA CIKIN LAYIN

Kada mu karanta wannan mu nuna ma'aikatan asibiti da yatsa mu koma gefe. A asibitocinmu mai jinya shi ne ya fi kowa daɗewa a gefen gado, kuma mu ma muna canjin hannu: inna ta yini, yaya ta kwana, ƙanwa ta karɓa da safe. Shin wadda ta tafi ta gaya wa wadda ta zo cewa likita ya ce kada a ba shi komai ta baki? Sau nawa tausayi yake sa a ɗura wa wanda aka yi wa aikin hanji kunu a ɓoye? Sau nawa ake ɓoye wa likita cewa mutum yana shan jiƙo ko wani magani na daban, ko ya ci abinci da safen ranar aiki, don kada a yi faɗa ko a ɗaga aikin? Wanda aka sa barci da abinci a ciki yana iya yin amai ya shiga huhunsa. Wannan shirun namu ne, ba na likita ba.

Don haka idan Allah Ya sa jinya ta same ku, ku tambaya cikin ladabi: wane aiki aka yi, me zai ci kuma yaushe, wace alama ce in mun gani mu kira nas. Ku rubuta a takarda ko a waya, ku miƙa wa wanda zai karɓe ku, ku sa ya maimaita. In kun ga numfashinsa ya canja, ko bandeji yana jiƙewa da jini, ko barcinsa ya yi nauyi ba ya amsawa, ko fitsari ya ɗauke, kada ku ce bari mu jira safe kada mu dami nas. Ku tashe ta. Ranar sallama ma ku tsaya a yi muku bayanin magunguna da ranar dawowa har ku gane. Matambayi ba ya ɓata.

Ku kuma 'yan uwanmu likitoci da nas-nas da ungozomomi da duk masu aikin asibiti, muna ganin wahalarku, Allah Ya saka muku da alheri. Nasihata gare ku ɗaya ce. Waɗannan mintuna biyu ko uku na ƙarshen aiki, lokacin da ƙafa ta gaji kuma hankali ya riga ya tafi gida, kada ku ɗauke su ragowar aiki. Ku tsaya cak, ku dubi wanda zai karɓa, ku faɗa, ku ji ya maimaita, sannan ku ɗauki jakarku. Babu wanda zai yaba muku a kan haɗarin da bai faru ba, mara lafiyan ma ba zai taɓa sani ba. Amma Wanda ba a ɓoye maSa komai Ya sani.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba mu ikon sauke amanar da ke wuyanmu. Wanda yake da ɗan uwa ma'aikacin lafiya ko mai zaman jinya, ya tura masa. Ma'aikatan lafiya da ke cikinmu kuma, ku ƙara mana haske da abin da kuka sani.

Wallahu a'alam.